Yatsa Biyu Tsakanin Ruwa da Murfi

"Ruwa yake so," in ji Auta, ta sake kai wa mahaifinta kofi baki. Direba, kamar yadda muke kiransa, ya ture, ruwan ya jiƙa masa riga. Yana ta nuni wajen taga, bakinsa na motsi, amma ciwon huhun da ya kwantar da shi wata uku ya hana maganar fita.

"Ba ya cikin hayyacinsa," surukinsa ya ce ƙasa-ƙasa. "Haka suke yi in abin ya matso."

Su wa? Shekara talatin na yi ina koyar da ilimin halittu, ban taɓa karɓar "haka suke yi" ba sai na duba. Na bi yatsan maƙwabcin nawa da ido. Akwatin gilashin da ke kan tebur a gindin tagar yake nunawa, inda yake kiwon kifinsa tilo, wani ja mai baza jela, irin wanda ake kira beta. An cika ruwa har baki, an rufe ruf, an danne da littafi. Kifin sai dukan murfin yake.

"Aikin wa ke nan?"

"Ni ce, Malama," in ji Auta. "Na ga yana ta hawowa sama yana haki irin na Baba, na ce ruwa ne ya yi masa kaɗan."

"Kifin da ke leƙo sama ai mutuwa zai yi, kowa ya sani," in ji surukin.

"Kowan nan naka bai taɓa kiwon beta ba. Wannan sai ya leƙo ya shaƙi iska kamar ni da kai. Saura kaɗan ku nutsar da kifi a ruwa!"

Na ɗage murfin, na karɓe kofin daga hannun Auta, na yi ta kwasa har ruwan ya sauka yatsa biyu. Kifin ya hau, ya haɗiyi iska, ya sauko yana taƙama.

Hannun Direba ya kwanta a kan bargo. Ya tattaro numfashi da ƙyar.

"Malama... yau dai... bokonki ya yi rana."

"Shekara ashirin kana musu da ni ta kan katanga, sai yau? Auta, ke ce shaida."

Ya yi dariyar da ta sa shi tari. Sannan ya kamo hannun 'yarsa. "Duk mako... ki sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Ruwan da ya kwana. Ban da mai sanyi." Sai da ta maimaita sau biyu ya sake ta.

Kafin rana ta faɗi ya cika, ba gargada.

Kwana uku bayan haka Auta ta kira ni a firgice, wai ruwan ya lalace, ya yi kumfa. Na sa tabarau na duba.

"Lafiyarsa lau. Sheƙa yake ginawa."

Muka ja kujeru muka zauna. Kifin ya ɗauko iska, ya furzar da 'yar ƙwayar kumfa a kusurwa, ya gyara mata zama kusa da 'yan'uwanta.