Robar da Leland Ya Canja

Yayana Leland bai taɓa yin wani abu a duniya da mutane suka taru suka yaba ba sai gahawa. Ni ƙanwarsa ce, ina da ikon faɗa. Ya yi aikin inshora har ya yi ritaya ba wanda ya riƙe sunan mahaifinsa a ofis, in kuwa ya ɗauko waƙa a coci, 'yan bencinsa matsawa suke. Amma da ya tsaya gaban injin nan nasa na gareji mai haɗa gahawar esfireso, sai ka ga ƙarti masu furfura sun yi layi da 'yan kofuna kamar masu jiran allura.

Duk Asabar da hantsi suke haɗuwa. Tun matarsa Gwen na da rai aka fara, bayan ta rasu kuma wannan zaman ya zama shi ne makonsa gaba ɗaya. Tun Laraba yake share gareji ya jera kujeru, ran Juma'a ya sayo burodi mai kirfa. Sauran kwanakin, in ban leƙa shi ba, sai ya wuni bai ce wa kowa uffan ba, daga shi sai rediyo da ruwan saman garinmu Portland. Shi ya sa nake zuwa ina zama da su, ba don ina son abin da suke sha ba.

Babba a cikinsu shi ne Desmond Achterberg, tsohon likitan haƙori, wanda ba ya shan gahawa sai ya auna gari, ya auna ruwa, ya kalli agogo. Sai Corinne Vasquez, wadda in ta kurɓa take lumshe ido ta ce tana jin busasshen ɓaure can daga baya-baya. Dukkansu suna da injinan da suka fi na yayana kyau, amma ba wanda ya iya fito da ɗanɗanon gahawarsa. Har suna suka sa masa, wai hayaƙin Leland. Desmond ya sayi irin 'ya'yan gahawarsa, ya sayi irin injin niƙansa, har jarka ya taɓa kawowa ya ɗebi ruwan famfon garejin, duk a banza. In aka tambayi Leland sirrin, sai ya yi murmushi ya ce hannu ne. Kuma tsakaninsa da Allah ya yarda hannun ne.

Ni dai ɗaci nake ji da wani ƙauri. Ranar da na kuskura na faɗa, Corinne ta dafa kafaɗata kamar mai yi min ta'aziyya.

“Harshenki ne bai buɗe ba tukuna, Noreen. Ki yi haƙuri, zai zo.”

Wata Litinin da safe Leland ya kira ni wai ya ƙone a hannu. Na tarar da shi ya tsoma yatsu cikin ruwan sanyi yana harar injin. Ashe ludayin ƙarfen da ake cika wa gari a murɗa a bakin inji ya daɗe ba ya kamawa daidai. Da can a tsakiya yake tsayawa, sannu a hankali ya riƙa zarcewa dama, ruwa na tsiyaya ta gefe, shi kuma yana ƙara murɗawa da ƙarfi. Ran nan abin ya gaji ya watso masa tafasasshen ruwa.

“Robar bakin ce,” in ji shi. “Ina da sabuwa a aljihun tebur.”

“Yaushe rabonka da canjawa?”

“Na so in canja bara.”

“Yaya.”

“To, bara waccan ma na so.”

Wannan fa mutumin ne da na sha jin yana yi wa sabbin zuwa wa'azi cewa duk shekara ake canja robar. Haka suke dukkansu. Za su yi gardama a kan ruwa har wuya ya yi jijiya, amma ba mai sunkuyawa ya leƙa ƙarƙashin injinsa.

Ya jira injin ya huce, ya kwance rariyar da ruwa ke fitowa ta cikinta, ya sa sukundireba zai ɓamɓaro robar. Ina roba? Ta ƙeƙashe ta zama dutse. Sai da ya murɗa ƙusa a jikinta ya ja da filaya, sannan ta riƙa fitowa gutsure-gutsure, baƙi ƙirin kamar gawayi. Bayan rariyar kuwa wata dauɗa ce ta man gahawa da ta daskare shekara da shekaru, kamar gindin tukunyar da ba ta taɓa ganin soso ba. Na toshe hanci. Shi kuwa ya kai rariyar kusa da fuskarsa ya shinshina, ya sake shinshinawa, sai ya tsaya cak.

“Noreen, zo ki ji.”

“Daga nan ma ina ji.”

“A'a. Ki ji sosai.”

Na matso na shaƙa. Ƙaurin nan ne na cikin kofi, sak, babu ko tantama. Dariya ta ƙwace min har sai da na zauna a kan akwatin kayan aiki ina share hawaye. Da na ɗago na ga fuskarsa, sai dariyar ta koma ciki.

Ya jiƙa rariyar a ruwan magani, ya dirje ta da buroshi har ta yi ƙal, ya goge ramin robar tas. Ya shafa wa sabuwar ɗan mai, ya ɗora ta a kan ludayin ya tura sama har ta zauna. Da ya murɗa, ludayin ya tsaya a tsakiya cif, ko ɗigo bai zubo ba. Ya haɗa kofi biyu ya miƙo min ɗaya. Wallahi ban taɓa sanin haka esfireso take ba. Ga gardi, ga wani ɗan zaƙi mai laushi, ba ƙauri ko kaɗan. Na shanye ban nemi ruwa ba.

“Yaya, wannan ita ce gahawa!”

“Hayaƙin ya tafi,” in ji shi, yana kallon cikin kofinsa.

“Ya tafi ɗin, Allah raka taki gona. Ka gaya musu ran Asabar, ku yi dariya a wuce wurin.”

“Shekara da shekaru ina ba mutane dauɗa suna tafa min. Ki ce a yi dariya?”

“To ƙarya za ka yi musu?”

Ya girgiza kai. Leland bai iya ƙarya ba, shi ya sa ma bai yi nisa a inshora ba.

Ran Asabar gareji ya cika kamar kullum, ana ta zuba a kan wani sabon ma'auni da ke nuna saurin ɗigowar ruwa. Leland ya haɗa wa kowa nasa. Aka kurɓa. Corinne ta lumshe ido, ta daɗe tana lalube a bakinta, sannan ta buɗe.

“Tana da tsabta,” ta ce, da irin muryar da ake yaba mummunan jariri. “Amma ba rai.”

“Ka canja 'ya'yan gahawa ke nan,” in ji Desmond.

“Ban canja ba, Likita.”

“To ruwa. Na faɗa muku hukumar ruwa ta taɓa wani abu a watan nan, kuka ce na cika zargi.”

Leland ya shiga ciki ya fito da faranti, gutsattsarin tsohuwar robar a kai, ya ajiye a tsakiyar tebur kusa da burodi. Ya gaya musu komai, bai rage ba, har da dauɗar bayan rariya. Ya ce su yafe masa. Ni kuwa na gyara zama ina jiran in ga kunya a fuskar Corinne, don na daɗe ina jiran wannan rana.

Desmond ya sa tabarau, ya ɗauki gutsure ɗaya ya ɗaga shi sama kamar ruɓaɓɓen haƙorin da ya ciro. Ya shinshina, ya lumshe ido.

“Ikon Allah! Ga shi nan kuwa. Ashe ba hannu ba ne, inji ne ya tsumu.”

“Kamar kaskon ƙarfen kakata!” in ji Corinne, har da dafe ƙirji. “Ba ta taɓa yarda sabulu ya taɓa shi ba. Leland, kada dai ka ce min ka wanke rariyar?”

“Na wanke.”

“Da magani?”

“Da magani.”

“Wayyo Leland! Ko hoto ba ka ɗauka ba?”

Aka shiga zagayawa da farantin, kowa ya shinshina ya girgiza kai, kamar ana ban kwana da gawa. Wani ya tambaya ko zai iya tafiya da gutsure ɗaya. Na kasa daurewa na miƙe tsaye.

“Jama'a, dauɗa ce fa! Ƙonanniyar roba da ruɓaɓɓen mai kuke ta sha. Likita, da a bakin mutum ka ga wannan, ai da tuni ka ciro shi.”

“Baki daban, inji daban, Noreen,” in ji Desmond, ko a jikinsa. Ya juya ga sauran, yana ƙoƙarin ɓoye murna. “Ina da wani tsohon inji a ɗakin ƙasa, tun kafin in aurar da 'yata nake amfani da shi, kuma in gaya muku gaskiya, ban taɓa kwance shi ba. Da kunya nake ji. Me zai hana mako mai zuwa mu gwada a gidana? Sau ɗaya kawai, Leland, kafin naka ya farfaɗo.”

“Zai ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo,” in ji Corinne, tana kallon injin da tausayi.

Leland ya ce ba komai, har da murmushi. Da suka watse na taya shi tattara kofuna, rabinsu ba a shanye ba.

Sau ɗayan nan ya zama biyu, ya zama uku. Na ji labari har wani ya sa sabuwar robarsa a murhun gashi wai ta yi saurin tsufa, matarsa ta kore shi da injin zuwa baranda. Sun gayyaci Leland, ba zan yi musu ƙarya ba, amma ya ce yana da mura. Duk da haka bai fasa share gareji ran Laraba ba, bai fasa sayo burodi ba. Abin ya ƙona min rai ƙwarai. Na yi fushi da su, na yi fushi da shi, na rasa wanda zan fi zagi.

Wata Asabar na je na same shi zaune shi kaɗai cikin kujerun da ya jera, ƙofar gareji a buɗe, ruwa na sauka a kan titi. Ya tashi ya haɗa mana. Muka sha.

“Ta yi daɗi, Yaya.”

“Na sani. Ban taɓa haɗa mai daɗinta ba.”

“To ka rabu da su mana. Ni ba mutum ba ce? Zan riƙa zuwa, in kawo maƙwabciyata ma.”

“Kina zuwa ne don kina jin tausayina. Su kuwa gardama suke zuwa yi da ni.” Ya ɗauraye kofinsa ya kife, ya ɗauko rigar ruwansa daga jikin ƙusa. “Tashi ki kai ni gidan Desmond.”

“Ka je ka sha me? Kai fa ka san abin da ke ciki. Da hancinka ka shinshina.”

“Ɗauko burodin, kada ya bushe.”

Na yi ta masifa a mota har muka isa. Muna sauka ɗakin ƙasan Desmond ƙaurin ya tare mu tun daga matakala. Suna ganinsa wuri ya kaure da sowa, aka ja masa kujera, wani ya karɓi rigarsa, wani ya fara kai masa ƙarar wani a kan zafin ruwa. Na ga kafaɗunsa sun sauko, fuskarsa ta washe yadda ban gani ba tun ranar da ya canja robar.

“Yauwa, ga mai hayaƙi da kansa,” in ji Desmond. “Dattijo, kai za ka raba mana gardama. Corinne ta ce nawa bai kai naka ba.”

Ya murɗa ludayin har ƙarshen dama, ruwa na tsiyaya ta gefe yana ɗiga a tire, ya miƙa wa Leland kofin da hannu biyu. Kowa ya zuba masa ido. Yayana ya kai kofin baki ya kurɓa. Ni da ke tsaye a gefensa na ga yadda maƙogwaronsa ya yi gardama kafin ya haɗiye, na ga idonsa ya kawo ruwa.

“Ya kusa,” in ji shi. “Akwai ɗan ƙanshin tsohuwar jakar fata a ƙarshe. Ka ba shi shekara guda, Likita, kada ka taɓa shi.”

“Jakar fata!” in ji Corinne. “Ita nake ta nema tun ɗazu, ta ƙi zuwa bakina.”

Nan take gardama ta ɓarke a kan ko fata ce ko taba, Leland a tsakiyarsu yana ɗaga murya. Bai yarda mun haɗa ido ba. Ya goge bakinsa da bayan hannu, ya miƙa kofin ya ce a ƙaro masa.