Hannu a Cikin Riga

Shekara uku Malama Nusaiba tana koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandare a Zurmi, albashinta "Allah shi biya". Yau ga Malam Atiku, mai duba makarantu daga Ƙauran Namoda, zaune a bayan aji da biro. Abin da ya rubuta shi zai sa a ɗauke ta aiki ko a manta da ita. Takardar bayanin da malaman yankin ke koyar da littafin adabin Hausa da ita kuwa shi ya tsara ta, kuma mutum ne da ba a taɓa masa ko waƙafi.

Labarin na wani manomi ne da aka kore wa shanu yana tsaye bai ce uffan ba. Nusaiba ta rubuta a allo yadda takardar ta ce: "Jigo: haƙuri."

"Kullum ina gaya muku," in ji ta, "wanda duk yac ce ga jigo, shi nuna muna shi cikin littahi. Wa ka kawo hujja?"

Asiya ta ɗaga hannu, yarinyar da suka gudo daga Gurbin Bore bara saboda 'yan bindiga, wadda ba ta taɓa magana a aji ba.

"Malama, ba haƙuri na ba. Tsoro na."

Biron Malam Atiku ya tsaya.

"Ina hujjarki?" ta tambaya, kuma Allah ya sani fata take kada a samu.

Asiya ta jawo littafin da su biyar suke rabawa. "Shahi na sha huɗu. 'Ya tura hannunsa cikin riga don kada ɗansa ya ga yana rawa.' Na ashirin kuma, ya bar kwana gida. Mai haƙuri ba shi ɓoye hannu, Malama. Haka Baba yay yi ran da anka zo garinmu."

Da Nusaiba ta ce "zauna", da shi ke nan. Sai ta lura nata hannun yana cikin hijabi, yana rawa, ta ji kunya ta kama ta. Ta fito da shi, ta goge allon, ta rubuta "tsoro".

"Layukkan nan biyu sun isa hujja, Asiya. Ku kwahe su."

Malam Atiku ya taso a hankali, ya karɓi littafin, ya daɗe a kan shafin.

"Malama, kin san wa ya rubuta abin da kinka goge?"

"Na sani, ranka shi daɗe."

Ya zaro takardar bayanin daga jakarsa, ya ja layi a kan kalma ɗaya.

"Shekara tara ina raba ta, ba wanda yat tambaye ni shahi. Litinin ki kawo takardunki Ƙaura."