Baƙar Motar Gidan Sodangi

Tun ranar da aka karanta sunansa cikin waɗanda aka rage daga garejin gwamnati a Sakkwato, Mijinyawa bai ƙara jin daɗin ransa ba. Shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin motocin hukuma, sai ga soja sun karɓi mulki, aka ce baitulmali ba kome, aka miƙa masa takarda da ɗan abin sallama. Ya komo Bodinga ya kafa rumfa a bakin titi, ya jera sifanoninsa. To, wa zai kawo gyara? Masu motar ma sun jingine su, ba taya, ba batir. Mutumin da ya saba sauke inji ya koma facin keke da gyaran risho. Abin ya yi ta cin sa, har matarsa Atika ta daina tambayarsa yadda aka wuni.

Amma akwai wata mota da ta daɗe a zuciyarsa. Baƙar Marsandi ce mai zagayayyen baya, ta Alhaji Sodangi na Shagari, babban mai sayen hatsi. Shekarar da aka samu mulkin kai ta taɓa tsayawa a Bodinga a zuba mata ruwa, direba ya ɗaga murfin inji, Mijinyawa yana saurayi ya leƙa. Wannan leƙen ne ya raba shi da gonar ubansa. Don haka da Bala, ɗan marigayi Alhaji, ya aiko cewa motar ta sayarwa ce, ko shawara bai nema ba. Ya riga ya gama tsarinsa: wata shida zai tashe ta, ya riƙa ɗaukar amare da manyan fasinja, kowa ya gani da idonsa cewa gwamnati ce ta yi asara, ba shi ba.

Ranar Laraba da hantsi ya isa Shagari, ana zafin bazara mai dafa ƙwaƙwalwa. Bala ya tarye shi da fara'ar nan ta mai neman rabuwa da kaya, ya sa matan gida suka shige ɗaka, ya ja shi ta zaure har bayan gida. Ga motar nan kan duwatsu, tayoyi sun ruɓe, kaji sun mai da kujerun baya gidansu, an shanya kuɓewa a kan rufinta. Wani zai ce juji ne. Mijinyawa kuwa sai da ya dafa bango.

"Mutum biyu sunka zo, sunka ga tsatsa sunka tsere," in ji Bala. "Amma su ba su san mota ba. Kai ka san ta. Abin da kac ce, shi za a yi."

Mijinyawa ya duba gabas, ya duba yamma. Katanga ko'ina, ƙofar zaure kuwa jaki da kaya ma sai ya karkace.

"To, ta ina za ta hita?"

Bala ya nuna wani ɗan ɗakin ƙasa da baki. "Nan tas shigo. Ƙohwar mota ta, da can. Da mijin Gwaggo Kulu yar rasu tad dawo gida, ba ɗa ba jika, sai Alhaji yag gina mata ɗaki nan, tunda motar ta riga ta kwanta. A buge ɗakin, ka ja abarka."

"Ita hwa?"

"Tana da dangi can garin Kajiji."

Da ƙarfi ya faɗa, ga tsohuwar zaune a bakin ƙofarta tana kaɗi. Yayar Alhaji ce uwa ɗaya uba ɗaya, dangin Kajijin nan kuma rabonta da su an fi shekara arba'in. Bala ya daɗe yana son wurin ya fasa shago, bakin mutanen gari kawai yake tsoro. In aka ce ciniki ne ya ci ɗakin, ai ba wanda zai ce ya kori gwaggonsa. Mijinyawa ya gane duk wannan sarai, amma gaskiya son motar ya toshe masa kunne.

Ya kori kaji, ya ɗaga murfin inji. Ya zuba ɗan mai, ya jira, ya kama da sifana ya murɗa a hankali. Injin ya juya. Shekara goma sha ɗaya a kwance, ya juya! Hawaye suka cika masa ido, ya yi kamar gumi yake sharewa.

Tsatsar ce ta tsaya masa a rai. Gefen da ke kallon katanga rana ce kawai ta ƙona fenti. Gefen da ke kallon ɗakin tsohuwa kuwa ya zama rariya, madigadi da gindin ƙofofi sai ka sa yatsa ya wuce. Ƙasar nan busasshiya ce, ƙarfe ba ya ruɓewa haka. Irin wannan cin bai taɓa ganinsa ba sai a motocin da aka kawo daga Ikko, bakin teku. Aka yi sallama da Bala a zaure, ya fita. Mijinyawa ya shimfiɗa buhu ya kutsa ƙarƙashi, ya ga wani farin abu ya daskare a bakin ƙarfen. Ya kankara da farce ya kai harshe. Gishiri ne.

Yana nan kwance ya ga ƙafafu biyu masu faso sun matso sun tsaya.

"Ka lasa," in ji Gwaggo Kulu.

"Na lasa, Inna."

"Waɗancan ba su lasa ba." Ta ƙara matsowa. "Tun randa anka kai Sodangi makwanci nai nike ba ta ruwan gishiri. Shekara ukku. Ƙoƙo guda kullum, kahin kowa shi hito. Gishirin da aka ba ni na miya, ita ka shan shi, ni in ci lami. Ashe ƙarhe na da taurin rai, ɗan nan. Gaya min gaskiya, ta ci ko ba ta ci ba?"

A shekarar da ake bin layi tun safe don ɗan ƙullin gishiri! Mijinyawa ya ɗaga sifana ya buga shasin motar, wato ƙashin da ke ɗauke da ita. Ya amsa rau, lafiya ƙalau. Tsohuwa ba ta iya duƙawa, duk wahalarta fatar motar kawai ta ci. Walda da fallen ƙarfe, mako uku an wuce wurin.

Ya aje sifanar. Haushinta ma yake ji, haushi mai tsanani, don ta sa masa abu a wuya wanda bai zo nema ba.

"Ban roƙe ka komi ba," ta ce. "Sana'arka ta. Ni dai gidan ga anka haihe ni, kuma nan nika so a ɗauke ni."

Ƙafafun suka ja da baya.

Da Bala ya dawo, Mijinyawa ya gwada wata hanya. Ya ce in an fitar da motar, shi zai sake gina ɗakin da hannunsa. Bala ya yi dariya. Ya ce hadari ya fara haɗuwa, wa ke ginin ƙasa yanzu? Kuma gida gidansa ne, ba a yi masa tsari a ciki.

Mijinyawa ya zagaya motar sau biyu. Ya tuna rumfarsa, da kekunan mutane, da shirun Atika. Sai wani tunani ya zo masa, mummuna, wanda ko matarsa ba zai iya gaya wa ba: tsohuwar nan ta haura tamanin. Damina nawa suka rage mata? In ya ce motar ta mutu, ba mai ƙara zuwa taya ta. Za ta zauna nan tana jiransa, ran da Allah ya yi ikonsa ya dawo ya ɗauki abarsa ba tare da hakkin kowa ba. Ya ji kunyar kansa, amma ya ji sanyi kuma.

"Malam Bala," ya ce, "motag ga ta mutu. Shasi ya ruɓe, inji ya kahe. Ko kyauta anka ba ni ban ɗauka."

Fara'ar Bala ta ɗauke. Ya harari ɗakin, ya harari motar, ya ja tsaki. Ɗakin dai ya fi ƙarfinsa ke nan.

"To, shi ke nan. Na gaji da ganin ta. Ɗantani maƙeri ya daɗe shina roƙo na, wai damana ta taho babu ƙarhen ƙera kalme na noma. Su sare ta nan inda take, su hid da ita guntu-guntu ta zaure."

Ashe maƙerar ba ta da nisa. Kafin Mijinyawa ya gama tattara sifanoninsa, Ɗantani ya shigo da ƙannensa biyu, da guduma da manyan kurfi na saran ƙarfe. Suka gaida Gwaggo Kulu, suka tuɓe riguna. Ɗantani ya zagaya motar yana sosa ƙeya, ya ce shi bai taɓa fasa irin wannan ba, ba ya so ya ɓata ƙarfe.

"Ga wanda yas san ta nan," in ji Bala. Ya ɗauko gawayi daga murhu ya miƙa wa Mijinyawa. "Gwada musu inda za su hwara."

Kalma ɗaya ta isa. Da ya so, sai ya ce ya sake dubawa, ya ce ya yi kuskure, ya ce ya saya. Bakinsa har ya buɗe. Tsohuwa na zaune a bakin ƙofarta, ta aje mazari a cinya, ba ta dube shi ba, ba ta dubi kowa ba.

Mijinyawa ya karɓi gawayin. Ya durƙusa, ya laluba shasin da tafin hannu har ya samu wurin da ya fi kauri da kyau, inda kalme zai fi ƙarko, ya ja layi.

"Nan," ya ce. "Ku buga da ƙarhi, ba ta saurin karewa."