Abin da Ba a Tambaya

Alhaji Iliyasu, mai makarantar kuɗin da ke bakin titin Bici, ko buɗe takardun Furera bai yi ba. Ya ture su gefe, ya gyara zaman hularsa.

"Kina da aure?"

"Ina da shi, Alhaji."

"Me maigidan yake yi?"

"Noma, a Makoda."

Noman ma bana sai a hankali. Taki ya fi ƙarfin talaka, rumbun mijinta Basiru ya ƙare tun damina ba ta kankama ba, tuwon dare ya koma kunu. Gurbin malamar lissafi ɗaya ne tak, masu nema kuwa har sun rasa benci a baranda.

A kwaleji an gaya musu cewa mai ɗaukar aiki ba shi da hurumin tambayar aure ko haihuwa. Malamin da ya faɗa ɗin dai albashinsa na shiga duk wata.

"Bara malamai biyu suka tafi wankan jego suka bar mini yara a zube," in ji Alhaji. "Ba na son a kuma. Kina da juna biyu?"

Malama Kaltume, dattijuwar shugabar makarantar da ke zaune gefensa, ta ɗago kai.

Cikin ya shiga wata na uku. Na fari ne, ko Innarta ba ta gaya wa ba. A garinsu ba a faɗar cikin fari, shi ke fitowa ya faɗi kansa. Ko uwar miji ce ta tambaya, musawa ake yi. Furera ta sunkuyar da kai, ta ja gefen hijabi ta rufe baki.

"Babu komai."

Alhaji ya ji abin da yake son ji. Malama Kaltume kuwa, da ta haifa ta kuma aurar, ta san irin wannan sunkuyon. Ta ɗan jima tana kallon Furera.

"Malama, ya kika gani?" Alhaji ya tambaye ta.

"Takardunta sun yi kyau," ta ce, ta mayar da ido kan tebur. "Ta fara ranar Litinin."

Furera ta fito, murna da tsoro sun cakuɗe mata. Ta hau babur ɗin haya, mai shi ya figa a guje don ya samu wani fasinja kafin azahar. Ta riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙarƙashin hijabi.

"Malam," ta ce, "don Allah bi ramukan nan a hankali."