Sunaye Tara a Ƙofar Ɗakin Jinya

Lorna Tibbetts ta iske mai fenti ya riga ya buɗe gwangwani a gaban ƙofar ɗakin jinya na tsohon jirgin ruwan garinsu, sai ta sa ƙafa ta tura murfin ya koma.

"Taɓa ƙofar nan ka ga yadda ake yi," ta ce.

Mai fenti ya ɗaga kafaɗa. "Ni umarni aka ba ni, Iya. Ga shugaba can."

Shugaban kwamitin kula da jirgin, Dwight Pelkey, ya taho da hular sojan ruwa a ka. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya, ko kwale-kwale ya shiga sai ya yi amai, amma tun da garin ya sayi tsohon jirgin don a mai da shi gidan tarihi yake tafiya kamar shi ya ci Yaƙin Duniya na Biyu.

A bakin jirgin ya kafa allo. An ƙera shi a 1943. Ya sauke sojoji da tankoki a gaɓar Normandy ta Faransa a 1944. Ya yi sawu talatin da ɗaya yana kwaso waɗanda suka ji rauni. Layin ƙarshe kuwa cewa ya yi, "Daga baya aka sayar da shi." Shi ke nan. Shekara arba'in da ɗaya da jirgin ya yi yana fito tsakanin tsibirinsu da gaɓar jihar Maine ta Amurka, da motoci da shanu da amare da gawarwaki, duk an dunƙule su a kalma shida. Lorna ta yi shekara talatin tana sayar da gahawa a cikinsa, kuma duk sanda ta karanta layin nan sai ranta ya ɓaci.

Tsibirin ba shi da asibiti. In naƙuda ta riga jirgi isa gaɓa, sai kyaftin ya ƙona sunan jaririn a jikin ƙofar katakon nan da ƙarfe mai zafi. Sunaye tara ne. Na shida ɗanta ne, Wendell, wanda teku ta cinye yana ɗan shekara ashirin da biyu, ba a ga gawarsa ba. Ba shi da kabari, sai wannan ƙofar.

"Malama Tibbetts, ba ƙiyayya ba ce," in ji Pelkey. "Komai zai koma ruwan toka, yadda yake a lokacin yaƙi. Jirgin yaƙi ne, ba ɗakin haihuwa ba."

"Wata talatin ya yi yana yaƙi, Dwight. A cikinsa uwarka take kai ka makaranta, majina har baki."

"Wannan ba tarihi ba ne."

"To mene ne? Tatsuniya?"

Ana cikin haka aka turo babban baƙon bikin buɗe gidan tarihin a keken guragu, Orval Sprague, ɗan shekara ɗari ba ɗaya, wanda ya yi aikin jinya a jirgin lokacin yaƙi. Pelkey ya ruga yana washe baki, amma tsohon bai ko dube shi ba. Ƙofar ya ƙura wa ido, sannan ya cire hularsa.

"Wa ya rubuta su? Ni dai ban san sunan ko ɗaya ba. Kawo su ake yi jina-jina, mu rufe musu ido, a kawo wasu."

Lorna ta gane abin da ya ɗauka. Ta durƙusa kusa da kunnensa.

"Baba, waɗannan ba mutuwa suka yi a nan ba. Haifarsu aka yi."

"A ɗakin nan?"

"A kan gadon can. Na shidan nan ɗana ne."

Tsohon ya sake duban sunayen. Shekara tamanin ɗakin nan yana hana shi barci, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa an yi haihuwa a cikinsa.

"Ranka ya daɗe, fenti kawai za a shafa," in ji Pelkey. "Muna so ya zama daidai yadda ka san shi."

"Yadda na san shi?" Orval ya ɗago ya dube shi. "Yaro, kai kake so ka gan shi haka. Ni na gani."

Ya murza ƙafafun kekensa da kansa, a hankali, har bayansa ya jingina da ƙofar, ya ja birki. Mai fenti ya dubi shugaba, shugaba ya dubi agogo, 'yan badujala kuma suna jira a waje cikin rana.

"Yarinya," tsohon ya ce wa Lorna, "karanto min su. Kada ki yi sauri."