Lomar Kiran Kurwa

Ni Bualai, shekarata sittin da uku, ba a taɓa kama ni da ƙarya a ƙauyenmu ba. Ba wai ba na yi ba ne, iyawa ce kawai. Sai da na tsufa na'ura marar baki ta tona ni a gaban 'yar cikina.

Jikata Champa, 'yar shekara shida, a hannuna take tun da uwarta Lamduan ta tafi aikin masaƙa a Bangkok. Tsakuwa ce a ƙodarta ta hagu. In ciwon ya motsa sai ta dunƙule a tabarma, fitsari ya fito kamar ruwan wankin nama. Wata uku muna jiran layi a wani babban asibiti a Khon Kaen, inda ake fasa tsakuwa ba wuƙa: likita na kallonta a sikanin, na'ura na bugunta har ta zama gari. Sharaɗi ɗaya ne. Za a sa yarinya barci, don haka kada komai ya shiga cikinta ranar. Sau uku Lamduan tana nanata mini a waya, har na ce, "Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

To amma wa zai bari a sa ɗansa barci ba a ɗaure masa kurwa ba? Kurwar yaro matsoraciya ce, da ta ga baƙon wuri sai gudu. Da safe kafin mota ta iso, Pho Yai Kamphan, dattijon da ke yi mana wannan aikin, ya zo ya kira kurwar Champa, ya ɗaura mata farin zare a wuyan hannu. Ya ɓare dafaffen ƙwai, ya duba gwaiduwar ya ce lafiya lau, ya miƙo mini haɗe da dunƙulen shinkafa mai danƙo.

"An ce kar ta ci komai fa," na ce.

"Loma ɗaya abinci ce? Kurwa tana zama a ciki wayam? Bualai, yaushe kika zama nas ba mu sha biki ba?"

Matan da suka taru suka kwashe da dariya. Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana kamar a yi mini dariya. Na tura wa yarinya rabin ƙwan da shinkafar. A mota na raɗa mata, "In an tambaye ki, ba ki ci komai ba. Wannan tsakanina da ke ne."

A ƙofar asibiti muka tarar da Lamduan, daga tasha take, da kyar aka ba ta hutun kwana biyu. Nas ta tambaya ko yarinya ta ci wani abu. Na ce ko ruwa. Idona ko ƙiftawa bai yi ba.

Likitar matashiya ce, ba ta kai Lamduan shekaru ba. Ta shafa wa Champa wani mai mai sanyi a kwiɓi, ta ɗora kan na'urar, ta nuna mana wani farin ɗigo mai baƙar inuwa a ƙasansa.

"Ga 'yar rigimar nan. Yau za mu sallame ta."

Sai ta ce Champa ta juya, ta zame na'urar zuwa ƙasan ƙirji. Ashe haka take yi wa kowane yaro kafin a sa shi barci. Ta daɗe tana kallo.

"Champa, me kika karya da shi yau?"

Yarinya ta dube ni. "Ban ci komai ba, Likita."

Likita ta juyo da allon wajena, ta kira ni Yai, wato kaka. "Yai, kin ga nan? Tumbinta ne, da abinci a ciki. Da mun sa ta barci haka, zai iya tasowa ya shige mata huhu. Akwai yaran da ba sa farkawa."

Ba ta ɗaga murya ba, har da murmushinta, ta ce ai tsofaffi don ƙauna suke yi. Da ma marina ta yi. Mai sa yara barci da safe kawai yake zuwa, layi kuma a cike. Sai bayan mako biyar.

Lamduan ta ce, "Mae," wato mama, sau ɗaya tak. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona, sai yatsun ƙafata nake kallo.

Muna zaune a benci muna jiran magani ciwon ya taso. Champa ta dafe kwiɓi, ta jingina da ni, gumi na keto mata. Ta jawo kunnena, amma raɗar yaro ai kowa na ji.

"Yai, yi haƙuri. Na tauna sosai fa. Ban san za su gani ba."

Lamduan ta kau da kai tana share ido. Mako biyar yarinyar nan za ta ƙara da tsakuwa a jikinta, kuma ni take ba haƙuri.