Saƙon da Na Kai Gammo

Ni ake aika idan an yi rasuwa a danginmu. Ba sarauta ba ce, kawai tun ina matashi aka lura bakina ba ya rawa, sai abin ya zame mini aiki. Sunana Haladu, taki da irin shuka nake sayarwa a kasuwar Gwarzo. Na kai saƙon mutuwa ya fi sau ashirin, kuma ban taɓa shiga gida na ce wane ya rasu ba. Ba haka ake yi ba. Zama za ka yi, a gaisa, a sha ruwa, sannan ka ce jikin wane ya yi tsanani, ana so a zo. Wani ya gane nan take. Wanda bai gane ba ka lallaɓo shi har cikin 'yan uwa, inda in ya faɗi akwai mai tare shi.

Waya ta zo ta lalata wannan tsarin kaf. A daminar da nake ba ku labari an rasa sanannun mutane uku cikin wata biyu. Akwai ɗan ƙwallon da ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa, wanda aka ce matarsa a wayar maƙwabciya ta ga hoton gawarsa. Akwai wani tsohon ɗan majalisa da aka dinga yaɗa sanarwarsa tun likita bai gama rufe masa ido ba. Na zauna a shagona na yi ta zagin masu wannan hali, na ce ba su da tarbiyya, kuma har yau ban janye ba.

Na ukun namu ne. Zainulabidin, ɗan yayata Marka, wanda kowa ya sani da Zainu Kwandasta saboda wani tsohon fim da ya fito a yaron mota. Shekara ashirin yana fim, ya ƙi komawa Kano da zama, ya yi gidansa a nan Gwarzo. Kwana ɗaya ya yi a asibiti. Ranar Talata bayan sallar asuba zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara arba'in da huɗu.

Kafin ƙarfe bakwai hotonsa ya cika wayoyi. Aka tsayar da jana'iza ƙarfe biyu da rabi a ƙofar gidansa, don 'yan fim da manyan da za su taso daga Kano su samu. Matarsa Badi'a ta sa aka kira ni cikin gida. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce abu biyu take roƙo: kada Inna, wato Yaya Marka, ta ji a bakin wani, kuma a kawo ta ta gan shi ta yi masa addu'a kafin a fitar da shi. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka in makara ta bar gidan nan, shi ke nan. Na ce ta bar mini wannan, aikina ne.

Yaya Marka tana ƙauyenmu can cikin Gammo, ba ta da waya, kunnenta ɗaya ma ya yi nauyi. Malam Leonard ne ya ce zai kai ni. Mutumin Filato ne, malamin lissafi a wata sakandare, katangarsa ɗaya da Zainu shekara goma sha biyu. Motarsa tsohuwa ce, sai an lallaɓa ta, amma tana tafiya. Muka tashi takwas da rabi, muka wuce Kabo, muka saki kwalta muka shiga hanyar da ruwa ya cinye. Goma saura muka isa.

Duk ƙauyen sun sani. Tun daga bakin masallaci na gani, yadda mutane ke miƙewa suna sunkuyar da kai. Na tsaya na ja kunnen dattawa, na ce kowa ya kama bakinsa sai mun tafi da ita. A gida na tarar da Kamila, matar ƙanen Zainu, idonta ya yi jawur. Ta ce Inna ta tafi gonar gyaɗa tun da sassafe. Na ce ta wanke fuskarta ta je ta kira ta, kuma in ta kuskura ta yi kuka a hanya ni da ita ne.

Sai wajen goma sha ɗaya saura Yaya ta shigo, da fartanya a kafaɗa. Ta yi murnar ganina. Ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kasuwa, ta yi mini tsiya wai na yi tumbi. Ta gaisa da Malam Leonard, ta tambayi matarsa Hanna da yara. Aka kawo ruwa muka sha. Sannan na gyara zama na faɗi abin da na saba faɗa, cewa Zainu ba ya jin daɗi, jikin ya ɗan yi tsanani, ana so ta zo.

A nan lissafina ya fara karkacewa. Zainu ɗan farinta ne, Yaya kuwa mutuniyar da ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon finafinansa a gaban mutane, in ana yabonsa tashi take ta bar wurin. Sai ta kawar da kai ta ce Allah ya ba shi lafiya, ai matarsa tana nan, ita me za ta yi masa? Ta ce ranar Alhamis in an ci kasuwa za ta leƙo.

Na ce a'a, yau ake so. Ta dube ni, na ɗauka ta gano. Ashe ba ta gano ba. Sau biyu a baya an taɓa yaɗa cewa Zainu ya mutu, sau biyun ƙarya ne, kuma tun daga nan ta daina ɗaukar maganar ciwonsa da zafi. Cewa ta yi yaron nan tun yana ƙarami raki gare shi, zazzaɓi kaɗan sai ya tara wa mutane jama'a. Amma tunda na taso takanas, za ta bi ni. Sai dai ba za ta je duba mara lafiya hannu rabbana ba, sai ta dama kunun tsamiya.

Kamila ta ce ta bari ita ta dama. Yaya ta ce wa? Ta ɗebo gero da kanta ta surfa, ta wanke, ta baza ya sha iska. Na ce akwai kunu a Gwarzo. Ta ce akwai ruwan zafi dai. Aka kai niƙa, mai injin ya tafi gona, aka bi shi. Ni ina zaune a kan tabarma, waya tana ta zillo a aljihuna, na danne ta da hannu kamar mai ciwon ciki.

Sha biyu da rabi Malam Leonard ya yafito ni zaure. Ya nuna mini agogonsa.

"Malam Haladu, ka faɗa mata. In ta sani, yanzu za ta shiga mota."

Na ce masa hawan jini gare ta, ranar da mijinta ya rasu sumewa ta yi, kuma nan babu ko mai allura. Na ce mu da muke wannan aiki mun san yadda ake yi. Har na ɗan ɗaga masa murya, na ce wannan ba lissafin aji ba ne. Ya koma mota ya zauna.

Abin da na faɗa masa gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Tsoro nake ji. Na leƙa tsakar gida na ganta a durƙushe tana tankaɗe, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, na buɗe baki ya fi sau uku maganar ta ƙi fita. Ita ta goye ni da uwarmu ta rasu. Sauran saƙonnin da na kai duk na wasu ne, wannan kuwa nawa ne, kuma ni kaina ban samu na yi kukan yaron ba tun safe. Sai na dinga gaya wa kaina saura kaɗan ta gama.

Ta gama damu ƙarfe ɗaya da kwata, ta juye a fulas. Aka kira azahar, ta ce ba za ta hau hanya da salla a kanta ba. Ta yi alwala, ta yi salla, ta yi lazimi, ta canja zane. Na zaga bayan gida na kira ƙanen Zainu, wanda ke can wurin gawa tun safe, na ce su roƙi liman ya ƙara mana rabin awa. Ya ce zai gwada, amma mutane sun cika unguwa har kan katangu, ga hadari ya haɗo ta gabas, masu haƙa kabari suna cewa a yi sauri.

Biyu saura kwata muka tashi. Yaya tana baya da fulas a cinya, Kamila a gefenta ta juya fuska waje. Malam Leonard ya yi gudun da ban san motar nan tana da shi ba. Sau ɗaya muka kafe a laka, ni da wasu manoma muka tura. Da muka hau kwalta a Kabo ya dube ni ta gefen ido, na gane abin da yake nufi, na ce a raina bari mu ƙara matsawa. Yaya kuwa hira take. Tana ba shi labarin yadda gyaɗa ta yi kyau bana, tana tambayarsa ko a garinsu ma ana shuka ta a kan kunya.

Uku saura minti biyar muka shigo Gwarzo, muka tarar hanya ta toshe. Motoci ne jere har inda ido ya kai, manya masu baƙin gilashi, da bas-bas na 'yan fim, da babura ba iyaka. Ko'ina mutane, wasu a kan rufin shaguna sun ɗaga wayoyi sama. Daga nan zuwa gidan Zainu tafiyar minti goma ce a ƙafa ga mai ƙarfi. Yaya ta leƙa ta ce ikon Allah, wane babban mutum ne ya zo gari?

Na juyo zan yi magana. Wallahi na juyo. Sai wani ɗan sintiri mai tare hanya ya sunkuyo ta tagar Malam Leonard, da sandarsa a hannu, ya ce cikin ladabi:

"Ku yi haƙuri ku kashe mota, Baba. An idar da sallar Zainu Kwandasta, yanzu za a wuce da gawar."

Kunnen Yaya mai nauyi ne, amma ta ji. Kamila ta fashe da kukan da ta riƙe tun safe. Yaya ba ta sume ba, ba ta yi ihu ba. Ta yi salati sau ɗaya, ta ajiye fulas a ƙasan mota, ta ce a buɗe mata ƙofa.

Muka tsaya a bakin kwata, ni da ita. Ba a fi minti biyu ba sai ga su sun ɓullo daga kwanar unguwar. Makarar tana tafe a saman kawuna, an lulluɓe ta da koren mayafi, hannaye suna karɓa suna miƙawa. Tsakaninmu da ita bai fi taku arba'in ba, amma ko allura ba za ta ratsa mutanen nan ba. Na yi ta ɗaga hannu ina cewa ga mahaifiyarsa, ku tsaya, ga mahaifiyarsa. Muryata ta ɓace cikin kabbara. Wani ma ture ni ya yi don na shiga gaban wayarsa.

Yaya ta yi ɗage a kan yatsunta tana bin makarar da ido har ta sha kwana. Leɓenta yana motsi, ban ji abin da take cewa ba. Aka fara yayyafi. Malam Leonard ya fito da lema ya riƙe mata, shi yana jiƙewa.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi sai ta juyo gare ni. Muryarta ƙalau, kamar tana tambayar farashin taki.

"Yaushe ne?"

"Bayan asuba, Yaya."

"Da ka zo, ka sani ke nan."

Na ce na sani. Na fara yi mata bayanin hawan jininta, da yadda aka saba yi, da cewa so nake ta ji a cikin 'yan uwa. Ta bar ni na kai ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"Duk mutanen nan sun sani," in ji ta, "har na kan rufi. Ni da na haife shi ka bar ni ina tankaɗe."

Na ce ta zo mu ƙarasa gidan, Badi'a tana jiranta. Na miƙa hannu zan kama ta saboda santsi. Ta dubi hannun, ta gyara mayafinta, ta ce wa Malam Leonard ya yi mata jagora, ita ba ta san hanyar sosai ba. Suka yi gaba a hankali, shi da ita da Kamila, ni kuma na tsaya gadin mota.